Fayil ya ƙi goguwa a kwamfuta mai Windows da Linux: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, ko ba daɗe ko ba jima sai ya ci karo da fayil ɗin da ya ƙi goguwa. A Windows za a ce masa ba a ga fayil ɗin ba, alhali ga shi nan yana kallonsa. Ya tsallaka Ubuntu ko Linux Mint, ya tarar wurin gogewar ma ya dusashe, ba ya dannuwa. Galibi wannan na faruwa ne a ɓangaren faifan da manhajojin biyu ke tarayya a kansa, wanda yawanci tsarin NTFS ne (tsarin da Windows ke ajiye fayiloli da shi), wato D: a idon Windows. Amsoshin da ke ƙasa sun dogara ne a kan abu ɗaya: saƙon da kwamfuta ta nuna maka shi ke faɗin ciwon, kuma kowane ciwo da gefen da ake maganinsa.

Daga ina zan fara?

Ka sake gwada gogewar, amma wannan karon ka karanta abin da aka rubuta maka, ka ɗauki hotonsa da waya. Idan a Linux kake, kada ka tsaya ga manhajar fayiloli, domin takan ɓoye dalili. Buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta umarni a cikinta, ka rubuta umarnin gogewa `rm` da sunan fayil ɗin. Amsar da za ta fito ba ta cika wuce ɗaya daga cikin huɗu ba: "Read-only file system", "Permission denied", "Operation not permitted", ko "Input/output error". Huɗun nan ciwo huɗu ne daban. Na farko yana nufin an buɗe faifan don karatu kawai. Na biyu da na uku maganar izini ce. Na ƙarshe shi ne mai tayar da hankali, don yana iya nufin faifan ya fara lalacewa.

Sai kuma ka san inda fayil ɗin yake zaune. Umarnin `lsblk -f` zai jero maka ɓangarorin faifanka da tsarin kowanne, ntfs ne ko ext4 ko exfat. Kafin ka taɓa wani gyara, kwashe abin da ba ka son rasawa zuwa wani faifai na waje. Fayil ɗaya da ya ƙi tafiya bai kai a yi asarar aikin shekara a kansa ba.

Linux na ce mini "Read-only file system". Jiya kuwa lafiya lau nake rubutu a wurin. Me ya sauya?

Mafi yawan lokuta Windows ce ba ta mutu da gaske ba. Tun daga Windows 8, da ta fito a 2012, Microsoft ta sa wani tsari mai suna Fast Startup, kuma yana nan a kunne a Windows 10 da 11. Idan ka danna Shut down, Windows na rufe manhajojinka ta fitar da kai daga asusunka, amma zuciyar tsarin ba ta kashe ta. Sai ta kwafe halin da take ciki ta zuba a wani babban fayil mai suna `hiberfil.sys`, don gobe ta tashi da sauri. Cikin abin da ta adana har da abin da ta sani game da faifanka: wane fayil ke ina, wane wuri ne babu kowa.

Ka ɗauka ɗan kasuwa ne ya haddace lissafin kayan shagonsa ya tafi masallaci, wani ya shigo ya kwashe wasu kaya ya jera wasu. In ya dawo ya ci gaba da ciniki da tsohon lissafin da ke kansa, rikici ya tabbata. Abin da Linux ke gudu ke nan. Direban ntfs-3g, wato manhajar da Linux ke buɗe faifan NTFS da ita, idan ya ga alamar Windows barci take yi ba mutuwa ba, sai ya ƙi buɗe faifan don rubutu. Gogewa kuwa rubutu ce, tunda sai an sauya kundin faifan kafin fayil ya ɓace. Wannan ƙin kariya ce gare ka, kuma ina ganin daidai ya yi.

Magani na gaggawa: koma Windows, ka danna Restart maimakon Shut down, in jerin GRUB ya fito, wato allon zaɓen Windows ko Linux lokacin tashi, ka zaɓi Linux. Restart ba ya amfani da Fast Startup, yana sakin faifan gaba ɗaya. Riƙe maɓallin Shift yayin danna Shut down shi ma yana kashe ta kashewa ta gaskiya.

Magani na dindindin: shiga Control Panel, sai Power Options, sai "Choose what the power buttons do". Danna "Change settings that are currently unavailable", ka cire alamar da ke kan "Turn on fast startup". In kuma ba ka amfani da Hibernate, wato sa kwamfuta barci da ayyukanka a buɗe, ko kaɗan, buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta:

`powercfg /h off`

Wannan zai kashe su duka biyun, ya kuma kawar da `hiberfil.sys`, wanda kan ci gigabait da dama. A kwamfuta mai SSD bambancin saurin tashi bai taka kara ya karya ba. Bayan duk wani babban sabuntawa na Windows, yana da kyau ka leƙa ka tabbatar alamar ba ta dawo ba.

Na kashe Fast Startup, amma har yanzu faifan bai yarda da rubutu ba.

To wataƙila an yi masa alamar "datti". NTFS na ɗaga wata tuta duk lokacin da aka yanke aiki ba a rufe shi yadda ya kamata ba: an ɗauke wuta alhali batirin laftof ya riga ya mutu, ko an danne maɓallin kashewa da ƙarfi, ko an fizge faifan waje ana cikin kwafi. Mai kwamfutar tebur da ba shi da UPS a inda wuta ke yawan ɗaukewa zai riƙa ganin wannan akai-akai.

Akwai direbobin NTFS biyu da za ka fi haɗuwa da su a Linux. Tsohon shi ne ntfs-3g. Sabon, ntfs3, kamfanin Paragon Software ne ya rubuta shi, ya shiga kanel, wato zuciyar Linux, a sigar 5.15 a 2021. Shi ntfs3 in ya ga tutar nan yakan ƙi buɗe faifan ɗungurungum, kuma in ka duba `sudo dmesg` za ka ga ya rubuta "volume is dirty". Gyaran na Windows ne, tunda NTFS nata ne. A Command Prompt na admin:

`chkdsk D: /f`

Idan C: ne, za ta tambaye ka ko a yi binciken a tashi na gaba. Ka amsa da Y, ka sake kunna kwamfutar, ka bar ta ta gama ko da ta ɗauki lokaci. Ka tabbatar akwai caji ko wuta mai ɗorewa kafin ka fara.

Na ga ana cewa `ntfsfix` na magance wannan daga cikin Linux. In yi?

Yana da amfani, amma ba chkdsk ba ne, kuma waɗanda suka rubuta shi ma haka suka faɗa a takardar bayaninsa. Ƙananan kurakurai yake gyarawa, ya share kundin ayyukan da ba a kammala ba, sannan ya bar wa Windows saƙo cewa ta yi cikakken bincike in ta tashi. Da `-d` yana sauke tutar dattin, faifan ya buɗu, amma in akwai ɓarna a ciki tana nan inda take. Ka yi amfani da shi in babu Windows a kusa kuma kana da kwafin kayanka. Kai da Windows ke zaune a kwamfutarka, minti biyar na sake kunnawa ya fi maka.

Haka zaɓin `remove_hiberfile` na ntfs-3g. Yana goge fayil ɗin barcin Windows da ƙarfi. Duk takardar da ka bari a buɗe ba ka adana ba kafin Hibernate, ta tafi ke nan. Na wanda Windows ɗinsa ta ƙi tashi ne gaba ɗaya.

A Windows ina ganin fayil ɗin, amma in na zo gogewa sai ta ce "Could not find this item".

Wannan kusan kullum matsalar suna ce, kuma yawanci daga Linux aka raɗa sunan. Linux ba ta hana komai a sunan fayil sai alamar `/` da wani ɓoyayyen harafi na kwamfuta mai suna NUL (ba lambar 0 ba). Windows kuwa ta haramta alamomi tara: `< > : " / \ | ? *`. Ba ta kuma yarda suna ya ƙare da ɗigo ko da fili ba. Akwai wasu sunaye da ta keɓe tun zamanin DOS, irin su CON, PRN, AUX, NUL, da COM1 zuwa COM9, da LPT1 zuwa LPT9. Shi tsarin NTFS a karan kansa yana iya ɗaukar yawancin waɗannan sunaye, shi ya sa Linux ke rubuta su ba tare da ƙorafi ba. Windows ce ke kasa kiransu daga baya.

Yadda abin ke shigowa ba wuya: ka sauke bidiyon karatu mai take da alamar tambaya a ƙarshe, ko wata manhaja ta sa lokaci a sunan fayil kamar `14:25:07`. Alamar ɗigo biyun nan ta fi kowacce wahala, domin a NTFS Windows na ɗaukar abin da ya biyo bayanta a matsayin wani ɓoyayyen sashe na fayil, ba ci gaban suna ba. Akwai kuma tagwayen suna. A Linux `Hoto.jpg` da `hoto.jpg` fayiloli biyu ne, a Windows kuwa ɗaya ne. In suka haɗu a folda guda, Windows sai ta rikice a kan wanda kake nufi.

Hanya mafi tsabta ita ce ka koma inda aka haifi sunan. Shiga Linux ka sauya masa suna ko ka goge shi a can, magana ta ƙare. In dole sai a Windows, ga mai ɗigo ko fili a ƙarshe da kuma keɓaɓɓun sunayen nan, akwai dabarar sa `\\?\` a gaban cikakken adireshin, wadda ke hana Windows taɓa sunan kafin ta miƙa shi:

`del "\\?\D:\Takardu\rahoto."`

In folda ce:

`rd /s /q "\\?\D:\Takardu\tsohuwa "`

Wani lokaci `dir /x` zai nuna maka gajeren suna irin na da, kamar `RAHOTO~1`, wanda za ka iya gogewa da shi. Amma ba kowane faifai ke ajiye gajerun sunaye ba.

Gargaɗi biyu. Kada ka ba `del` suna mai `*` ko `?` a ciki, don zai ɗauke su a matsayin "kowane harafi", ya haɗa da fayilolin da ba su ji ba ba su gani ba. Sannan in ka san kana da fayiloli masu irin waɗannan sunaye kuma kana son su, gyara sunayen a Linux kafin ka saki chkdsk a kansu. Yana iya ɗaukar sunan a matsayin kuskure ya cire shi, ka koma neman kayanka a wata folda mai suna `found.000`.

Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna jawo wannan matsalar?

A'a. NTFS da ext4 duka suna ɗaukarsu lafiya. Abin da ke tuntuɓe da mai rubuta Hausa shi ne alamar da ke gaban kalmomi irin su 'yan da 'ya'ya. In ka rubuta `rm 'yan makaranta.pdf` a tamina, za ta ɗauka ka buɗe zance ne ba ka rufe ba, sai ta tsaya tana jiranka da alamar `>`. Danna Ctrl da C ka fita, ka sa sunan cikin alamar zance mai biyu: `rm "'yan makaranta.pdf"`.

Sunan ya fara da karan ɗori, ko kuwa wasu alamomi ne da ba zan iya bugawa ba.

In ya fara da `-`, umarnin `rm` zai zaci zaɓi kake ba shi. Rubuta `rm ./-sunan` ko `rm -- -sunan`. In kuma sunan tarkace ne da babu su a allon rubutunka, kowane fayil na da lamba. `ls -li` zai nuna ta a farkon layi. Sai ka fara da `find . -inum 48213` da lambar da ka gani, ka tabbatar shi kaɗai ya fito, sannan ka maimaita da `-delete` a ƙarshe.

Windows ta ce adireshin ya yi tsawo.

Windows na da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 ga cikakken adireshin fayil, daga `D:\` har ƙarshen suna. Linux na kai wa 4096, don haka folda cikin folda da aka kwafo daga can tana wuce iyakar cikin sauƙi. Masu rubuta manhaja sun san wannan da foldar `node_modules`. Tun Windows 10 sigar 1607 ana iya ɗage iyakar, amma ba kowace manhaja ke bin ɗagewar ba.

Mafi sauƙi, goge ta daga Linux. Ko ka gajarta sunayen foldodin sama zuwa harafi ɗaya ɗaya har adireshin ya dawo ƙasa da iyaka. Akwai kuma dabarar robocopy: ka ƙirƙiri folda fanko, ka ce a mayar da mai taurin kan ta zama irinta.

`mkdir C:\fanko`

`robocopy C:\fanko "D:\aiki\tsoho" /MIR`

Ka karanta adireshi na biyu sau biyu kafin ka danna Enter. Duk abin da ke cikinsa zai tafi, kuma ba ya biyawa ta Recycle Bin.

"The file is open in another program", amma ban buɗe komai ba.

Kai ba ka buɗe ba, wani abu ya buɗe: manhajar kariya tana bincikensa, ko OneDrive na ɗora shi, ko File Explorer na ƙoƙarin nuna ɗan hotonsa a gefe. Rubuta `resmon` a wurin bincike, shiga shafin CPU, ka sa sunan fayil ɗin a akwatin "Associated Handles". Zai nuna maka wanda ke riƙe da shi. File Locksmith da ke cikin PowerToys na Microsoft ma aikinsa ke nan. In ka rufe manhajar bai saki ba, Restart ko Safe Mode na warware yawancinsu.

A Linux abin ya sha bamban, don tana barinka ka goge fayil ko yana buɗe, sai dai wurin ba zai dawo ba sai an rufe shi. A kan NTFS ta hanyar ntfs-3g, sai ka ga wani baƙon fayil ya bayyana mai suna da ya fara da `.fuse_hidden`, in ka goge shi wani ya fito. Ba bairos ba ne. Fayil ɗin da ka goge ne yake jiran manhajar da ke riƙe da shi. `lsof` ko `fuser -v` da sunansa za su nuna maka ita. Rufe ta, zai ɓace da kansa.

Windows na neman izini, alhali ni ne admin.

A NTFS kowane fayil na ɗauke da lambar asusun mai shi, ba sunansa ba. In an sake sa Windows, ko da sunanka ɗaya ka yi amfani, lambar sabuwa ce, tsofaffin fayilolin kuwa na tsohon asusun ne. Haka in faifan daga wata kwamfuta aka ciro shi. Sai ka karɓi mallaka, sannan ka ba kanka izini:

`takeown /f "D:\Tsoho" /r /d y`

`icacls "D:\Tsoho" /grant *S-1-5-32-544:F /t`

Doguwar lambar nan ita ce ta rukunin masu kula da kwamfuta, kuma ɗaya ce a kowane harshe. Na zaɓe ta ne saboda 'yan'uwa a Nijar da Kamaru da Chadi masu Windows ta Faransanci, inda sunan rukunin yake Administrateurs. Su kuma a umarni na farko `o` za su sa a maimakon `y`.

Kada ka yi wannan a kan `C:\Windows` ko `WindowsApps`. Waɗannan na TrustedInstaller ne, wani asusu na Windows kanta, da gangan. Foldar `Windows.old` da ke bayyana bayan babban sabuntawa ma ba da hannu ake goge ta ba. Disk Cleanup ko sashen Storage na Settings ke cire ta, kuma Windows kan cire ta da kanta bayan kwana 10.

Ka sani kuma, Linux a yadda aka saba buɗe NTFS ba ta kula da izinin Windows sam. Wannan ya sa ta zama hanya mai sauƙi ta goge fayilolin tsohon asusu. Shi ne kuma ya sa ba abin da zai tare ka in ka nufi fayil ɗin da Windows ba ta tashi sai da shi.

Na sa `sudo` amma an ce "Operation not permitted".

In a ɓangaren ext4 ne, wato na Linux, duba `lsattr` da sunan fayil ɗin. Ganin harafin `i` na nufin an kulle shi kullewar da ko root, babban mai iko a Linux wanda `sudo` ke aro ikonsa, ba ya gogewa. `sudo chattr -i` da sunan zai buɗe shi. Amma ka tambayi kanka wa ya kulle, don me. Wasu kan kulle `/etc/resolv.conf` da gangan, wasu miyagun manhajoji kuma kan kulle kansu da wannan hanyar.

"Permission denied" kuwa sau da yawa ba a kan fayil ɗin matsalar take ba. A Linux gogewa na bukatar izinin rubutu a kan foldar da fayil ɗin ke ciki. Duba ta da `ls -ld`.

Ina samun "Input/output error", kuma `ls -l` na nuna alamomin tambaya a layin fayil ɗin.

Nan ka dakata da maganar gogewa. A Windows takwaransa shi ne kuskure mai lamba 0x80070570, inda take cewa fayil ko folda ya lalace ba ya karantuwa. Ko dai kundin faifan ya sami matsala, ko shi faifan kansa yana mutuwa, kuma dole ka bambance kafin ka yi gyara.

Duba lafiyar faifan tukuna. A Linux, `sudo smartctl -a /dev/sda` daga kunshin smartmontools, ko manhajar Disks. A Windows, CrystalDiskInfo. In ka ga adadin sassan da aka sauya wa wuri ko masu jiran sauyawa ya tashi daga sifiri yana ƙaruwa, ko faifai mai juyawa yana ƙara ƙas-ƙas, kwashe kayanka yau. GNU ddrescue an yi shi ne don kwafe faifai mai ciwo. Kada ka fara da `chkdsk /r`, wanda ke bin faifan gaba ɗaya na sa'o'i, don yana iya ƙarasa wanda ke kan gargara. In kuwa faifan lafiyarsa ƙalau, `chkdsk /f` ga NTFS. Ga ext4 sai `fsck`, amma ba a yinsa a ɓangaren da ke buɗe, sai ka tashi kwamfutar daga filashin da aka sa wa Linux a ciki.

In a filashi ko katin ajiya abin ya faru, akwai wani abin zargi. Ana sayar da jabun da aka rubuta musu girman da ba su da shi. Suna karɓar fayiloli har su wuce ainihin cikinsu, daga nan komai ya koma tarkace. H2testw a Windows ko f3 a Linux na tona asirinsu. Filashin da ya tsufa kuma yakan kulle kansa ya koma na karatu kawai. Wannan ba ya gyaruwa, kwafe kayanka kawai.

Na goge, amma wurin bai ƙaru ba.

Manhajar fayiloli ta Linux na jefa abin da ka goge daga faifan tarayya cikin ɓoyayyiyar folda mai suna `.Trash-1000` a kan shi faifan. Windows ba ta san da ita a matsayin kwandon shara ba. Zubar da sharar daga Linux, ko ka goge foldar. Ita ma Windows tana da tata, `$RECYCLE.BIN`, wadda Linux ba ta zubarwa.

Tunda muna nan, akwai waɗanda za ka gani daga Linux su ba ka sha'awar gogewa saboda girmansu: `pagefile.sys`, `swapfile.sys`, `hiberfil.sys`, da `System Volume Information`. Ƙyale su, daga cikin saitunan Windows ake rage su. Ƙaramin ɓangaren EFI kuwa, mai tsarin FAT32, a nan manhajojin biyu ke ajiye abin da suke tashi da shi. Goge folda ɗaya a can na iya hana ɗayansu tashi.

Yana goguwa, amma sai ya dawo.

Wani ne ke mayar da shi. Fara da masu daidaita fayiloli da intanet, OneDrive ko Google Drive, ka goge shi ta cikinsu. Foldar OneDrive musamman kada ka taɓa ta daga Linux. Yawancin abin da ke cikinta alamomi ne kawai na fayilolin da ke intanet, kuma ntfs-3g kan nuna su da "unsupported reparse". In kuma a filashi ne da ya zaga shagunan buga takardu, foldodinka suka koma gajerun hanyoyi, bairos ne. A nan Linux na da rana, tunda ba ya gudana a cikinta: buɗe filashin a can, goge fayilolin `.lnk` da `.vbs` da `autorun.inf` da ba kai ka sa ba. Sai ka bincike Windows ɗin da Microsoft Defender, in ba haka ba za ta sake shafa wa filashin.

Fayil ɗin na ɓangaren Linux ne. Zan iya goge shi daga Windows?

Windows ba ta karanta ext4 da kanta. In ta ce maka wani ɓangare na bukatar fomatin, kada ka yarda, wataƙila Linux ɗinka ce. Akwai tsofaffin direbobi irin su Ext2Fsd, amma an daɗe da daina sabunta shi, kuma ban ba da shawarar a yi rubutu da shi a ext4 na yau ba. `wsl --mount` na aiki, sai dai ba ya ɗaukar faifan da Windows ke gudana a kansa, wanda shi ne halin yawancin laftof. Tashi daga filashin Ubuntu ka zaɓi "Try Ubuntu", ka yi aikinka daga can.

Linux na tambayata kalmar sirri kafin ta buɗe faifan Windows.

BitLocker ne, tsarin Windows na kulle faifai da mabuɗin sirri. Sababbin kwamfutoci da yawa na zuwa da shi a kunne, musamman daga Windows 11 sigar 24H2. Mabuɗin ceto lambobi 48 ne, kuma galibi yana cikin asusunka na Microsoft. Nemo shi ka rubuta a takarda tun kafin ka taɓa ɓangarorin faifai ko saitunan tashi, domin sauyi a can na iya sa Windows ta nemi shi.

Wane tsari ya fi dacewa da faifan tarayya, don kada abin ya maimaitu?

Ni NTFS nake zaɓa, a ɓangare na daban, ba C: ba. exFAT na da sauƙi, Linux na ɗauke da shi a kanel tun sigar 5.4 ta 2019, kuma ba shi da rikicin izini. Amma ba ya ajiye kundin ayyukan da ake cikin yi, don haka ɗaukewar wuta ta fi yi masa illa. FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabait 4.

In kai ka rubuta layin faifan a `/etc/fstab`, fayil ɗin da ke faɗa wa Linux faifan da za ta buɗe lokacin tashi, ƙara zaɓin `windows_names`. Da shi Linux za ta ƙi ƙirƙirar duk sunan da Windows ba za ta iya kira ba, ka ga kuskuren nan take ka gyara. Layin kan yi kama da wannan, da lambar UUID da `lsblk -f` ya nuna maka:

`UUID=lambarka /mnt/tarayya ntfs-3g uid=1000,gid=1000,windows_names,nofail 0 0`

Kalmar `nofail` na barin Linux ta tashi ko da faifan ya ƙi buɗuwa ranar. Bayan ka adana, gwada `sudo mount -a` kafin ka sake kunna kwamfutar, don in akwai kuskure a layin ka gan shi tun kana ciki.